Juyi Uku

Yammacin da abin ya fara, babu abin da ya bambanta shi da sauran yammaci. Mai-Ƙofa ya dawo daga madatsar ruwa da baƙin mai a tafin hannunsa, ya jingina kekensa a jikin tankin tsakar gida, ya zauna a kan benci yana murza kafaɗarsa ta dama. Shekara goma sha tara ke nan yana aiki ɗaya. Shi ne mai buɗe ƙofar ƙarfen da ke sakin ruwan madatsa zuwa rafi, shi ne kuma mai rufe ta, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Matarsa tana kicin tana fama da risho. Surukinsa, tsohon masunci da ido ya fara gaza masa, yana bakin ƙofar ɗakinsa yana ɗinkin wata koma da ta shekara biyu ba ta taɓa ruwa ba. 'Yarsa tilo kuwa, budurwa 'yar shekara sha tara da ake kira Aku saboda bakinta ba ya hutawa, tana kwashe shanya tana ba duk gidan labarin da babu wanda ya tambaye ta.

"Kaka, yau ni na rufe rafi," in ji ta. "Na kai wa Abba abinci, na tarar kafaɗarsa ta ƙi. Na ce matsa ka ga aiki. Na kama sitiyarin ƙofar nan na murɗa har ya ce ƙat. Ka ba ni komar nan in yi labule da ita, tunda kifi ya yi maka yaji."

"Ba yaji suka yi ba," in ji Tsoho, bai ɗaga kai ba. "Ubanki ne ya sake su."

Aku ta tuntsire da dariya. Mai-Ƙofa bai yi ba, ya dai ci gaba da murza kafaɗa, don maganar surukinsa takan zo da ƙaya a ciki, kuma ya saba haɗiye ta.

Rana ta gama faɗuwa, sama ta yi jajir, kaji sun shige akurki. A lokacin ne tsakuwa ta farko ta faɗo a kan kwanon ɗaki. Ta gangaro a hankali, kwararar, ta dire a gaban Mai-Ƙofa. Sai ta biyu. Sai kamar an ɗebo cikin hannu an watsa. Ya tashi ya leƙa bayan katanga da niyyar ɗura wa 'ya'yan maƙwabta ashar, ya tarar da lungu wayam, ko akuya babu. Da ya dawo sai ya ɗauki tsakuwa ɗaya ya duba. A jiƙe take sharkaf, santsi gare ta, tana ƙarnin laka, alhali wata biyar ke nan sama ba ta zubo ko ɗigo ba.

Tsoho ya miƙo hannu aka sa masa. Ya shafa ta da babban yatsa, ya kai hanci.

"Ta rafi ce," ya ce. "Wannan da ke manne a jikinta kuma ƙwan kifi ne."

Sai a lokacin suka lura gidan ya yi shiru. Aku tana tsaye inda take, zani a kafaɗa, maganar da ta faro ta tsaya mata a tsakiya. Idanunta a buɗe, ba sa ƙiftawa. Bakinta yana buɗewa yana rufewa, yana buɗewa yana rufewa, babu sauti. Uwarta ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta yi salati, ta tare ta kafin ta kai ƙasa.

Don a gane abin da ya biyo baya, sai an san yadda aikin Mai-Ƙofa ya canza. A da, ƙofar rafi ba a rufe ta gaba ɗaya. Akan bar ta a ɗage kaɗan, dare da rana, ruwa yana tafiya abinsa. Amma shekara biyu da suka wuce aka buɗe sababbin gonakin rani a ɗaya gefen madatsa, aka haƙa musu magudana, sai injiniya ya zo da takarda ya manna a bangon ɗakin ƙofar madatsa. Takardar ta ce a buɗe wa rafi da ƙarfe bakwai na safe don masu wanki da masu shayar da dabbobi, a rufe shi ruf da ƙarfe biyar na yamma don madatsa ta tara wa gonaki. Mai-Ƙofa mutum ne mai bin takarda. Bai taɓa makara da minti biyar ba, kuma yana alfahari da haka. Tsoho ya yi magana sau ɗaya, ya yi sau biyu, aka ce masa ai injiniya ya yi karatu. Daga nan ya ja bakinsa ya kama ɗinkin koma.

Kwana tara aka yi ana abu ɗaya. Da zarar rana ta faɗi, sai tsakuwa, sai numfashin Aku ya sarƙe. Takan kwana tana jan iska da ƙyar kamar mai sha ta tsinke, fatarta ta bushe, leɓenta ya tsage. Da hantsi kuma sai ta farfaɗo, ta nemi ruwa, ta sha kofi huɗu, ta tambayi me ya sa kowa ya yi jugum. An kai ta asibiti, likita ya saurari ƙirjinta, ya ɗauki hoto, ya ce huhunta ƙalau, ya ba da abin shaƙa. Ta shaƙa, ko gezau. Randar da uwarta ke cikawa da la'asar, kafin a idar da sallar magariba sai a tarar ta koma rabi, ba tsaga, ba jiƙa a ƙasa. Daga bayan bangon ɗakin Aku kuma ana jin wani sauti ƙasa-ƙasa, kamar ƙananan bakuna masu yawa suna tsotsar iska. A cikinsa wani lokaci akan ji muryar tsohuwa tana ƙirga, tana kaiwa wani wuri ta tsaya, ta sake farowa, kamar mai ƙirga garken da kullum yake raguwa.

Matarsa ce ta fara faɗa, don ita ke zaune da agogo a gefen gadon yarinyar.

"Baban Aku, ƙarfe nawa kake buɗe ƙofa?"

"Bakwai. Kin sani ai."

"Takwas da kwata take farfaɗowa. Kullum. In ka rufe ƙarfe biyar, shida da kwata take faɗuwa. Ni 'yar masunta ce, na san tsawon lokacin da ruwa ke ɗauka daga madatsa zuwa gurbin kifi."

"Kada ki ɗora mini," ya ce, muryarsa ta yi sama. "Aikina nake yi. Da shi muke ci."

Ta juya ta ci gaba da ɗiga wa Aku ruwa a leɓe da auduga. Shi kuwa ya fita tsakar gida ya tsaya, tsoro ya cika shi, don tun kwana uku da suka wuce ya yi wannan lissafi da kansa ya binne.

Washegari da yamma, bayan ya rufe ƙofa, Tsoho ya ce ya ɗauke shi a keke zuwa gurbi. Gurbi wani wuri ne mai zurfi a ƙasan rafi, ƙarƙashin wata tsohuwar bishiya, inda kifi ke fakewa in ruwa ya ja baya. Shekara biyu Mai-Ƙofa bai taka wurin ba, aikinsa yana sama, abin da ke faruwa a ƙasa ba ya cikin takarda. Suka iso ruwa yana janyewa. Yana kallo gefen rafi yana tsirara, taku bayan taku, tsakuwa tana fitowa tana sheƙi.

"Duba nan," in ji Tsoho, yana lalube da sandarsa. "Kifi ba shi da agogo, ruwa ne agogonsa. In ya ji ruwa ya ƙaru, sai ya ce lokaci ya yi, ya hau gefe inda ba zurfi, ya share tsakuwa, ya zuba ƙwai. Kai kuma ƙarfe biyar ka murɗa abinka. Kafin duhu ƙwan yana waje, iska ta busar da shi, tsuntsu ya gama da sauran. Gobe ka sake buɗewa, su sake yarda da kai. Shekara biyu kana yi musu ƙarya sau ɗaya a rana."

Mai-Ƙofa ya sunkuya. A cikin ɗan ramin da sawun saniya ya bari, 'ya'yan kifi sun fi ashirin, ba su kai ƙwayar shinkafa biyu ba, suna juyi a ruwan da bai kai cikin cokali uku ba. Gurbin kansa ya yanke daga rafi, ya yi kore, ya yi ɗumi, yana wari. A samansa kifaye sun ɗago baki suna buɗewa suna rufewa. Ya san wannan buɗe baki. Ya bar shi a gida a kan gado.

"Tarwaɗa za ta jure, ita ko a laka tana rayuwa," in ji Tsoho. "Amma karfasa da sauran masu son ruwa mai tafiya, waɗannan da kake gani su ne na ƙarshe. In ƙwan bana bai tsira ba, an gama."

A rana ta goma sha ɗaya aka kawo malami. Siririn dattijo ne mai tari, gilashinsa ɗaure da zare a gefe ɗaya, ya yi suna wajen karatu a kan masu irin wannan lalura, kuma ba ya son surutu. Ya iso kafin faɗuwar rana, ya sa aka shimfiɗa tabarma a falo, aka kwantar da Aku, uwarta ta riƙe kanta a cinya. Ya ce a kashe fanka. Suka zauna suna jira, hasken taga yana raguwa, har tsakuwa ta fara sauka a kan kwano. Malam bai ko ɗaga ido ba, ya buɗe baki ya fara karatu.

Ya daɗe yana yi. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Can sai jikin Aku ya daina fizga, ta tashi zaune a hankali, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman da ba ta taɓa yi ba, ta dafa gwiwa da hannu biyu. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce, a dushe, a gajiye.

"Ya isa haka, malam. Kana ƙona ni, kuma ni da ma a ƙone nake."

"Wace ce ke?"

"Makiyayiya ce. Kifin gurbi garkena ne. Tun kafin a kafa tubalin farko na garin nan nake kiwonsu."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Hannunta ne ya yi juyin ƙarshe ranar da manyan garkena suka zuba ƙwai. Na biyo hannun, na tarar da jiki mai ruwa, mai sanyi, na shiga. Ina za ni? Gidana ya zama miya."

Mai-Ƙofa ya ji kamar an soka masa wuƙa. Ya matso da gwiwa. "Ni ne mai laifi, ni na ba ta sitiyarin. Ki bar ta ki kama ni."

Idanun Aku suka juyo kansa, babu fushi a cikinsu, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. "Kai a bushe kake. Me zan yi da kai?"

Malam ya dakatar da shi da hannu, ya juya ga muryar. "Ki ji ni da kyau," ya ce. "Ba za a yanka miki komai ba, ba za a zuba miki jini ba. Zalunci kike yi, don yarinya ba ta san abin da ta taɓa ba. Za ki fita ko in ci gaba."

"Wa ya tambaye ka jini? Jini zan ba kifi su sha? A mayar mini da rafina yadda yake. A rushe bangon madatsar."

"Wannan ba ya hannun mutumin nan, kin sani. Ma'aikaci ne."

"To a bar mini damina ta wuce yadda Allah ya saukar da ita, kada a tare."

"Shi ma ba ya hannunsa. Faɗi abin da zai iya."

Tsakuwa ta daina sauka. A bayan bango ƙananan bakunan nan suna ta tsotsar iska.

"Juyi uku," in ji muryar. "Ya ɗaga ƙofar juyi uku, ya bar ta haka, ba dare ba rana, kada ta motsa, har kwana arba'in. Ƙwai ya ƙyanƙyashe, 'ya'ya su yi ƙarfin gangarawa. Ranar da ruwan ya iso gurbi ya zauna, zan koma gidana in bar muku 'yarku yadda na same ta."

Malam ya cire gilashi ya goge da bakin riga. Ya dubi Mai-Ƙofa. "Shekara talatin ina korar azzalumai, yau na haɗu da mai ƙara. Shayar da mai ƙishi ba bautar aljani ba ne, ko dabba ce lada ne. Za ka iya?"

"Ko za a kore ni, zan yi."

"Ta ji," in ji malam. "Gobe da safe ka buɗe." Aku ta sulale a cinyar uwarta, numfashin ya koma sarƙewa.

Da gari ya waye jikin Aku ya fi na kullum tsanani. Leɓenta ya yi baƙi, ƙirjinta yana ɗagawa da ƙyar, tsakanin numfashi da numfashi har sai uwarta ta girgiza ta. Mai-Ƙofa bai jira ƙarfe bakwai ba, karo na farko a shekara goma sha tara. Ya hau keke ya taka kamar ana binsa. Tsoho ya ƙwala masa kira daga ɗaki, yana laluben takalmi, yana cewa ya tsaya su tafi tare, amma ina, ya riga ya sha kwana.

Ya buɗe kwaɗon ɗakin ƙofa, ya kama sitiyari. Ɗaya. Biyu. Uku. Ya leƙa ƙasa. Ruwan da ke fita ɗan siriri ne, yana tafiya a hankali kamar mai jin kunya, kuma sai ya yi awa da kwata kafin ya kai gurbi. Ya tuna leɓen Aku. Ya tuna yadda aka yi cinikin jiya: rafi gaba ɗaya tsohuwar ta nema, malam ne ya yi ta ragewa har aka sauko uku. Ashe uku ba abin da take so ba ne, abin da ta haƙura da shi ne. Shi da ya tare mata ruwa shekara biyu, yau kuma ya zo yana auna mata da cokali, ran 'yarsa yana hannunta? Wa ke rowa a ranar biyan diyya? Ya tofa yawu a tafin hannu ya ci gaba da murɗawa. Goma. Ashirin. Kafaɗar tana ihu, bai saurare ta ba, har sitiyarin ya kai ƙarshe a juyi arba'in da biyu ya tsaya.

Ƙasa ta yi rawa a ƙarƙashin ƙafarsa. Ruwan da ya fito ba irin wanda ya saba gani ba ne. Na can ƙasan madatsa ne, baƙi, mai sanyi kamar ƙanƙara, ɗauke da lakar shekara da shekaru, yana ruri. Ya cika rafi daga gaɓa zuwa gaɓa, ya tumɓuke ciyawa, ya mirgina duwatsu. Mai-Ƙofa ya tsaya yana haki, yana kallo, har da murmushi. A ransa ya ce, to ga ruwa nan, ki sha ki ƙoshi.

Sai da injiniya ya bugo waya yana zage-zage, bayan awa biyu, sannan ya sauke ƙofar zuwa juyi uku. Ya gangara gurbi da sauri don ya ga alherin da ya yi. Ya tarar da Tsoho a can, wani mai babur ya kawo shi, yana tsaye cikin laka har ƙauri, yana lalube da sanda. Babu tsakuwa. Babu ciyawar gefe. Gurbin da zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu ya cike da baƙar laka, ya zama fili. Can a cikin gonakin gefe, inda ambaliya ta watsar da su ta janye, kifaye ne birjik, fararen ciki a sama, tsuntsaye sun riga sun sauka.

Tsoho bai yi faɗa ba. Da ya yi, da ya fi sauƙi.

"Uku aka ce maka, ɗana," ya ce. "Ƙwan kifi ko da tafin hannu ka kaɗa ruwa yana tashi. Garin neman gira ka rasa ido."

A gida kuwa Aku tana barci, numfashinta lafiya lau, fatarta ta yi laushi, uwarta tana ta hamdala. Mai-Ƙofa ya dubi fuskar matarsa ya kasa faɗa mata. Ya zauna a bakin gado da lakar rafi a ƙafarsa, har rana ta karkata, malam ya dawo kamar yadda ya yi alkawari.

Wannan karon babu tsakuwa, babu sauti a bayan bango. Malam bai kai ga buɗe baki ba Aku ta tashi zaune, ta dafa gwiwa. Muryar ta fi jiya dushewa, sai an kasa kunne.

"Uku na ce."

"Na so in ƙara miki ne," in ji Mai-Ƙofa, hawaye yana bin gemunsa. "Wallahi alheri na nufa. Na ga kaɗan ne."

"Kun tare, kun kashe rabi. Kun saki, kun kashe sauran. Ku ba ku san tafiyar ruwa ba, buɗewa da rufewa kawai kuka sani. Yau na ƙirga. Ban daɗe ba na gama."

"Kuskure ne, ba ganganci ba," in ji malam. "Ga ƙofa can a juyi uku, zai bar ta haka. Ki koma."

"In koma in yi kiwon me? Tafiya zan yi, malam, ba sai ka ƙona ni ba. Zan bi ruwa in gangara, ko akwai inda ba a kafa bango ba tukuna."

"To ki fita ki bar yarinya yadda kika same ta. Alkawari kika yi."

"Alkawarin yana da kai biyu, ya karya nasa. Ban taɓa ta da mugunta ba. Amma ina cikinta lokacin da ruwan ya zo, abin da ya bi ta kaina ya bi ta kanta. Na bar masa ita yadda ya bar mini gurbina, a share, babu komai a ciki."

Malam ya ɗaga murya da karatu, uwar ta rungume 'yarta tana kiran sunanta. Aku ta yi atishawa sau ɗaya, wani sanyi ya ratsa falon ya fita ta ƙofa, labule ya ɗaga ya koma. Shi ke nan. Daga ranar ba a sake jin tsakuwa a kan kwanon gidan ba.

Aku ta farka da safe lafiyayya. Tana ci, tana sha, tana tafiya. Amma ta dubi uwarta kamar yadda ake duban mai sayar da kaya a kasuwa, ta dubi ɗakinta ta tambayi na wane ne. Ba ta san kakanta ba, ba ta san hanyar kicin ba, duk labaran nan da ke cika gidan sun tafi. An koma asibiti, an koma wurin malam, ya yi karatu kwana bakwai, a ƙarshe ya ce babu kowa a jikinta da zai kora, sai dai addu'a. Uwar ce ta zauna da ita, tana koya mata abubuwa ɗaya bayan ɗaya kamar mai yaye: wannan kofi ne, wannan Kaka ne, ni ce Umma. Wasu suna zama, wasu kafin la'asar sun zube. Tsoho ya ce rafi ma in aka bar shi da ruwa daidai, shekara biyar ko goma, wani kifin yakan hauro daga ƙasa ya sake zama. Ya faɗa ne don a samu abin riƙewa, kuma kowa ya san haka.

Mai-Ƙofa ya bar ƙofar a juyi uku, ba dare ba rana, ya yage takardar bango. Ruwa yana tafiya garau a kan laka, kyakkyawa, babu ko motsi a cikinsa. An aiko masa da takardar gargaɗi, an aiko ta biyu, ta uku ta ce ƙarshen wata ya miƙa makulli, an samu wanda zai bi jadawali. Bai yi gardama ba. Yana dai zuwa kullum ya zauna kusa da sitiyarin, yana gadin juyi ukun da babu mai buƙatarsu.

Abu ɗaya ne ya zauna daram a kan Aku. Kullum da safe uwarta takan ce mata, "Abbanki ya tafi aiki, zai dawo da yamma, yana sonki ƙwarai." Wannan ta riƙe shi. Da la'asar sai ta yi wanka, ta fito ta zauna a tsakar gida, ta fuskanci ƙofa. Fuskarsa ce kawai ta ƙi zama, duk yadda aka nuna mata.

Ranar da ya miƙa makulli, ya shigo gida a hankali yana jan keke. Aku ta miƙe da ladabi, ta rusuna.

"Sannu da zuwa. Abbana kake nema?"

Ya gyaɗa kai.

"Bai dawo ba tukuna, amma yanzu zai shigo, ba ya makara. Zauna ka jira shi." Ta matsa ta ba shi wuri. Ta dube shi da kyau, ta ce, "Bawan Allah, kuka kake yi? Ka yi haƙuri. In Abba ya zo zai gyara maka, Umma ta ce babu abin da ba ya iyawa."

Ya zauna kusa da ita. Suka zuba wa ƙofa ido su biyu, suna jira, har rana ta faɗi.